Na je Tema ɗauko Auta daga jirgin kamun kifi

Hoto ne ya tada wannan tafiya. Autanmu ya turo ma ƙanwata hoto ta WhatsApp, hannunshi na dama naɗe da bandeji har wuyan hannu, ya ce ɗan rauni ne ya samu wurin aiki kuma don Allah kada a nuna ma Inna. To ita tun tana ƙarama ba ta iya ɓoye ma Inna komai ba, kafin a kira magariba hoton ya kai. Ina shago nan Sabon Gari ina zuba ma wani firigo gaz anka ce Inna na kirana. Na iske ta zaune bisa tabarma riƙe da wayar, ko gaisuwata ba ta amsa ba ta ce, "Ƙirga min yatsun nan." Na ƙirga kawunan da sunka leƙo daga bandejin. Uku.

"Tashi ka tahi ka ɗauko min yarona. Kihin nan mun yahe."

Shekara uku kenan Auta yana Gana. Da albasa ya tafi, yaron mota ne a kamyon da ke kai albasar Galmi Akra, daga baya wasu ƴan Zango sunka yi mishi hanya ya shiga jirgin kamun kifi a Tema. Yaron da babban ruwan da ya taɓa gani shi ne tabkin Madarunfa, kuma ko can ɗin bakin gaɓa yake tsayawa ya sayi soyayye. Mu nan Maradi gulbinmu ma sai damina yake kawo ruwa, rani na yi ya koma rairayi, ina za mu koyi iyo? Amma haka ya hau teku, mu kuma muna karɓar ɗan aiken da yake yi ƙarshen wata, ba wanda ya taɓa tambayarshi wane irin aiki ne, har da ni.

Da asuba na shiga mota. Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Konni, Dogon Dutsi, Doso, sannan munka karya kudu zuwa Gaya, wannan hanya duk wanda ya taɓa bi ya san gajiyarta. Lokacin gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai dai a tsallaka kogin Isa da kwale-kwale. Wanda na shiga an loda mishi buhuna, babura biyu, mata da goyo, da mu maza bisa buhunan, tsakanin ruwa da bakin katako bai fi taƙi ɗaya ba, wani yaro yana ta kwalfe ruwa da yankakken bido. Ba wanda ke da rigar ceto. Na yi bismilla na zauna, raina bai ba ni komai ba, don a lokacin ban san abin da ido ya kamata ya duba ba.

Daga Malanbil zuwa Kwatano sama da kilomita 700, ta Kandi da Paraku, kwana na yi cikin mota. A hanyar Lome na fara ganin teku ta hagu bayan itatuwan kwakwa, na daɗe ina kallo ina neman ɗaya gaɓar, babu. Na wuce iyakar Aflawo, munka tsallaka kogin Bolta a gadar Sogakofe, da la'asar ina Ashaiman, garin da ke manne da Tema. Can Hausa ba ta yi maka wuya, mai shayi ma da ita ya kwatanta min masallacin da Auta ya ce in jira shi.

Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da hannun hagu a gaba, na daman cikin aljihu. Na ce fiddo. Manuni da na tsakiya babu su, an ɗinke wurin ya warke amma fatar tana sheƙi, ashe hoton tsoho ne. Na riƙe hannun na kasa cewa komai, shi ne ma ya riƙa ce min, "Yaya, ai da sauƙi, wallahi da sauƙi."

Da dare bayan mun ci waake ya ba ni labari. Wani jirgi ne ba wanda yake ciki yanzu ba. Sun jawo taru cikin dare, kifi ya yi yawa, ana tsincewa ana wankewa ana jerawa cikin kwali, kafin su gama lokacin jawo na gaba ya yi, haka sunka yi ta yi tun asubar jiya ba wanda ya kwanta. Wayar ƙarfen da ke jan tarun ba ta naɗuwa daidai bisa gangar winci, wato injin da ke naɗe ta, tana hawa kan ƴar'uwarta, sai anka ce ya gyara mata zama. Ya sa hannu da safar roba yana turawa. Wayar ta tsufa, wasu silillanta sun tsinke sun miƙe kamar ƙaya, ɗaya ta kama safar ta ja hannun cikin gangar. Mai tuƙa wincin yana ta baya ba ya hango shi, ga ƙarar inji, sai wani Bafante, ɗan ƙabilar Fante ta bakin tekun Gana, da ya ga abin ya yi tsalle ya buge hannun mai tuƙin. Ya ce da an ƙara ƙiftawar ido biyu har kafaɗa za ta shiga. Akwatin magani kuma da anka buɗe, auduga ce kawai da wani jan magani da ya bushe, kuma jirgin bai juyo ba sai bayan kwana huɗu da rumbu ya cika. Wannan kwana huɗun shi ya fi ci min rai har yau, yaro na zazzaɓi hannu na ruɓa ana ci gaba da jan kifi.

Na ce gobe ka haɗa kayanka. Ya ce, "Yaya, ka zo ka ga wanda nake ciki yanzu tukuna, in ka gani ka ce in tafi zan bi ka."

Tashar kifi ta Tema daban take da babbar tashar kwantena. Gefe guda kwale-kwalen katako ne masu fenti kala-kala da tutoci, ba su ƙirguwa, ranar Talata ce duk suna ɗaure don masuntan bakin tekun Gana ba su fita ran Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni. Gefe guda manyan jiragen ƙarfe, masu jan taru da masu kamun tuna. Ƙarnin kifi da warin gazuwal sun haɗu, mata da manyan daro, masu tura baro cike da ƙanƙara. Kifin kwalin da muke saye a kasuwar Maradi, wanda ni nake gyara firigon da ake ajiye shi, ban taɓa tunanin hannun da ya jera shi ba sai ran nan.

Jirgin su Auta yana bakin kwata ana mishi gyaran inji, shi ya sa anka samu yi min takardar shiga. Wanda ya tarbe mu shi ne bosun, wato sarkin ma'aikatan doron jirgi, dattijo ne ɗan Zango mai furfura, Hausarshi irin ta can wadda ba ta raba mace da namiji. Kowa Baba yake ce mishi. Kafin in taka tsani ya dube ni sama da ƙasa ya ce in cire zoben azurfar da ke hannuna, in sa carbi aljihu, in cusa riga cikin wando, silifas kuma ya ce ba su hawa jirginshi, anka ba ni takalmin roba. Ya ce zobe in ya maƙale a ƙarfe kai kuma kana zamewa, da yatsan yake tafiya.

Mun hau ina ta kallon sama, ina kallon ƙarafa da ƙugiyoyi, sai ya tsaya ya ce, "Ɗana, ina ka tsaya?" Na ce nan, Baba. Ya ce duba ƙafarka. Ashe ƙafata ta hagu tana tsakiyar wani zoben igiya da ke kwance a ƙasa. Ya ce igiyar nan yanzu barci take, amma ɗaya bakin nata yana ɗaure da taru, in anka saki taru cikin ruwa jirgi na tafiya za ta miƙe gaba ɗaya, zoben ya tsuke a idon sawunka, kuma ba ta tsayawa ta tambaye ka. Nan take na tuno rijiyoyin wajen Dakwaro inda ake jan guga da shanu, yadda makiyaya ke korar yara daga hanyar igiya. Abu ɗaya ne, sai dai nan ba sa ne ke ja ba, jirgi ne da nauyin ruwa.

Daga nan bai sake bari na yi kallon banza ba. Duk inda munka tsaya sai ya ce in faɗa mishi da kaina me zai iya kashe mutum a nan. Ya ce haka yake ma duk sabon yaro kafin ya ba shi ko wuƙa, don wanda anka faɗa mawa mantawa yake, wanda ya gano da idonshi ba ya mantawa.

A wurin winci ya daɗe. Manyan ganguna biyu ne naɗe da waya mai kaurin babban yatsa, kowace tana tafiya baya zuwa ga wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe da ke rataye a gindin jirgi, su ne in sun shiga ruwa suke wage bakin tarun. Ya nuna min layin rawaya da anka shafa a ƙasa, ba mai tsallake shi in ganga na juyawa. Ya nuna min jan maɓalli mai faɗin tafin hannu, guda biyu, ɗaya wurin mai tuƙi ɗaya ta baya inda ma'aikata ke tsayawa, duk wanda ya ga abu ya buga ko da yaron kicin ne, kuma ba a yi mishi faɗa in ya zama ba komai. Wayar ba a taɓa ta da hannu tana tafiya, akwai ƙarfen da ke jera ta. Ya ɗauki tsumma ya goga bisa wayar a hankali, ya ce in tsumma ya maƙale to silli ya tsinke, a yi alama a gaya ma kyaftin. Kuma waya ko igiya da ta ɗau nauyi ba a tsayawa saitinta, don in ta tsinke da baya take dawowa, ta karya ƙafa ko ta fasa kai kafin ka ji ƙararta. Auta na tsaye gefe yana saurare kamar yau ya fara ji, hannun nan cikin aljihu.

Sai rumbun kifi. Nan ne jikina ya yi sanyi don na san irinshi a gida. Murfi ne a ƙasa, in an ɗaga sai tsani ya sauka cikin duhu. Baba ya ce kifi in ya ruɓe, ko ruwan kifi ya kwanta a ƙasan rumbu cikin zafi, yana fidda wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi shi ya sa ƙasa take kwanciya. In kaɗan ce za ka ji wari, in ta yi yawa hancin take fara kashewa, ka ce ai warin ya tafi, shaƙa ɗaya biyu ka faɗi. Na ce Baba irin na rijiya kenan, mu can mutum ya sauka yasar tsohuwar rijiya ya yi shiru, ɗan'uwanshi ya bi shi ya yi shiru, na uku ya bi, a fiddo gawa uku. Ya ce daidai, na biyu da na uku su ne ke ƙona mishi rai, don zumunci ne ya kashe su. Na ce masu haƙar rijiya fitila suke zurawa, in ta mutu ba su sauka. Ya girgiza kai ya ce wannan iskar fitila ba ta nuna ta, wuta na ci lafiya lau mutum na mutuwa, kuma ita kanta tana kama wuta. Ya ciro wata ƴar na'ura kamar ƙaramar salula, ita ake zurawa da igiya, in akwai guba ta yi kuka. Dokarshi ita ce a buɗe murfi, a zura fanka mai dogon tiyo ta yi aiki, a auna, wanda zai sauka a ɗaura mishi igiya, mutum ɗaya ya tsaya a baki ba ya motsawa ko kyaftin ne ya kira shi. In na ciki ya faɗi a jawo shi da igiya a yi kururuwa, ba mai sauka sai da tukunyar numfashi a baya.

Ɗakin inji kuma nan ne na samu abin cewa, don aikina ne. Injin sanyinsu babban yayan firigo ne kawai. Injiniyan ya nuna min tukwanen gaz, R22 ne, na san shi, ba shi da wari kuma shi ma ƙasa yake kwanciya, in ya zuba a rufaffen ɗaki ya kore iska mutum ya ji jiri ya zauna hutawa, zaman da ba a tashi kenan. Wasu jiragen amoniya suke aiki da ita, ita ba ta ɓuya, tana shiga ido da maƙogwaro kamar an watsa barkono, amma in bututu ya fashe gaba ɗaya ba ta ba ka lokacin neman ƙofa. Na bi bututan da ido yadda na saba, na ga wani maɗauri da mai ya jiƙa ƙura ta manne, na ce nan yana yoyo. Anka kawo ruwan sabulu anka shafa, sai kumfa. Baba ya dafa kafaɗata ya ce to ka ga, kowa da abin da idonshi ya sani. Shi kuma ya nuna min nashi: bututun gazuwal da ke wucewa kusa da bututun hayaƙi mai zafi, an naɗe shi don in ya tsage kada ya fesa bisa zafi, yawancin gobarar jirgi daga irin nan take tashi. Tsumman mai ba a barinsu a ƙasa, akwai durom mai murfi. Maɓallin yanke mai yana waje, don in wuta ta kama ba mai iya shiga ya rufe. Tukwanen kashe gobara ya sa na duba ɗaya bayan ɗaya, allura tana kan kore ko a'a, kwanan wata ya wuce ko bai wuce ba. Tukunyar gaz ta kicin ma waje take a ɗaure.

Wani abu da ban taɓa kawowa ba shi ne ramukan da ke jikin bangon jirgi daga ƙasa, na ɗauka tsatsa ce ta ci wurin. Ya ce hanyar ruwa ce, in igiyar ruwa ta faɗo doron jirgi ta nan take fita. Wasu sai su toshe su da katako don kada ƙananan kifi su zube, ko su jibga kwanduna a bakinsu. Ruwan ya rasa mafita, jirgi ya karkata dama ruwan duk ya gudu dama ya ƙara danne shi, kafin ya miƙe wata igiyar ta zo. Na ce kamar sitan da ba ta cika ba in ta sha kwana da gudu. Ya ce bai san sitan ba, na ce motar dakon mai, ya ce ita ce. Haka in an tara kifi a sama rumbu na ƙasa ba komai, ko an bar ƙofar ƙarfe buɗe don zafi, ko taru ya maƙale a ƙasan teku kyaftin ya nace sai ya fizge shi da ƙarfi. Jirgi ba ya kifewa a hankali.

A saman ɗakin kyaftin akwai wata farar ganga kwance bisa ƙarfe. Cikinta kwale-kwalen roba ne mai hura kanshi, da rumfa da ruwan sha da wutar neman agaji. Maɗaurinta yana da wata ƴar na'ura da nauyin ruwa ke sa ta yanke igiya, in jirgi ya nutse kafin ya kai mita 4 gangar ta saki kanta ta taso sama, ko da ba wanda ya samu isa wurinta. Na'urar tana da ranar mutuwarta a rubuce, Baba ya sa na karanta. Sannan ya ce juya ka dubi jirgin da ke maƙwabtaka da mu. Tasu gangar an naɗe ta da igiyar nailan zagaye huɗu an ƙulle da ƙarfen, an ma bi ta da fenti. Ya ce ƙila ƙara take musu in ruwa ya tashi shi ya sa, to ran da za a neme ta tare za su sauka ƙasa. Akwai yara bisa jirgin suna ɗinkin taru suna dariya, sa'annin Auta, wani ma na ji yana Zabarmanci. Na so in yi musu magana ban san ta ina zan fara ba, kuma har na baro Tema abin yana damuna.

Ran Alhamis anka gama gyara za a fita gwada inji, kyaftin ya yarda in bi su. Muna fita daga bangon tashar jirgin ya fara hawa da sauka, cikina ya juya, Auta ya ce in kalli inda sama ta haɗu da ruwa kada in kalli ƙasa, ya ɗan taimaka. Kowa da rigar ceto a jiki, ba a cikin akwati ba. Baba ya ce mutanenku masu su ba gora suke hawa ba? To wannan ita ce gorarmu. Da munka yi nisa gari ya zama layi, sai ya ɗauki wani baƙin bido ya wurga baya ya daka tsawa da Turanci cewa mutum ya faɗa ruwa. Wani ya jefa zoben ceto, wani ya ruga ya gaya ma kyaftin, ni kuma ya kama hannuna ya miƙe shi ya ce, "Aikinka ɗaya, nuna shi, kada ka ɗauke ido ko uwarka ce ta kira ka." Na nuna. Bidon yana bayyana yana ɓacewa tsakanin tudun ruwa, girman kan mutum ne daidai. Wani ya gifta gabana na ƙifta ido, shi kenan, na neme shi na rasa, da rana tsaka, ruwa kwance, ba taru a baya. Sai zoben ceton mai ruwan lemu munka hango munka bi, kuma kafin jirgin ya juyo ya iso wurin an daɗe. Baba ya ce to ka auna da dare, ana jan taru jirgi ba ya iya juyawa yadda yake so, yaro ya je gindin jirgi fitsari bai gaya ma kowa ba, sai da safe a ga shimfiɗarshi ba kowa. Shi ya sa a jirginshi ba mai fita waje da dare shi kaɗai. Ya shiga da ni ɗakin tuƙi ya nuna min rediyo a kan tasha 16, wadda duk jiragen duniya ke saurare don kiran agaji, ya ce ko mai dafa abinci ya koya mishi yadda zai danna ya faɗi sunan jirgi da inda suke, don ba a san wa zai rage a tsaye ba.

A hanyar komowa na tambaye shi maganar barci, don ni na riga na gane ba waya ce kaɗai ta cinye yatsun Auta ba. Ya ce nan ne ƙarfinshi ke ƙarewa, in kifi ya zo masu jirgi ba su son jin an kwanta, amma yana raba mutane kashi biyu kuma wanda ya ga idonshi ya yi ja ba ya barinshi kusa da winci. Akwai doka ma a kai, yarjejeniya mai lamba 188 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2007, ta ce jirgin da zai wuce kwana uku a teku dole ma'aikaci ya samu hutun awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 cikin kwana bakwai, da takardar aiki a rubuce, da kayan magani cikin jirgi. Auta bai taɓa jin labarinta ba sai bayan ya rasa yatsu. Kuma wani bincike da anka fitar a 2022 ya ƙiyasta sama da mutum 100,000 ke mutuwa kowace shekara wurin kamun kifi a duniya. Da yawansu ko sunansu ba a rubuta ba.

Na ce ma Baba wasu in ka yi irin wannan magana sai su ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Ya ce gaskiya ne, shi ma ya yi imani, amma Manzon Allah cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ya ce abin da ya fi ba shi wahala da yaran arewa kunya ce, yaro bai gane ba amma ba zai ce bai gane ba, kyaftin ya yi magana da wani yare, Bafante ya juya da wani, shi ya ɗaga kai kawai ya je ya sa hannu. Wannan kam na san halinmu ne, an koya mana kada a yi ma babba tambaya biyu, kuma a teku wannan tarbiyyar tana iya kashe yaro.

Daren ƙarshe munka zauna ƙofar ɗakinsu a Ashaiman. Na ce Inna ta ce in taho da kai. Ya yi shiru sannan ya ce, "Yaya, in na koma me zan yi da hannun nan? Nan Baba ya san ni, ya ce zai koya min ɗinkin taru da aikin rumbu." Ban da amsa. Na ce to da sharaɗi, ba za ka sake hawa jirgin da ba ka zagaya ka duba ba kamar yadda anka zagaya da ni, kuma akwai jami'ar koyon aikin teku a Nungua tsakanin Tema da Akra inda ake ba da horon kare kai, kuɗin motar da na zo da shi don komawarka ka ƙara ka je ka yi, ka koyi iyo kuma. Ya ce to. Na sa ya maimaita a gaban Baba da safe.

Kafin in taso na sayi rigar ceto ɗaya a wani shago kusa da tashar. A Malanbil kwale-kwalen farko da anka nuna min na dubi bakin katakon na dubi ruwa na ce ba ni shiga, mai shi ya yi ta faɗa, na jira na gaba na ƙara kuɗi. Na sa rigar mutane na ta kallona, wata tsohuwa kusa da ni ta taɓa ta ta ce ɗana ina ake samun wannan.

Na iso Maradi bayan isha'i. Inna ta leƙa bayana ta ga ba kowa, ba ta ce komai ba sai da na ci tuwo. Na nuna mata bidiyon da na ɗauko, Auta cikin rigar lemu yana gaishe ta, Baba a gefe yana cewa Hajiya yaronka yana hannuna. Na faɗa mata layin rawaya da jan maɓalli da fanka da farar ganga, duk ta saurara. Da na gama ta ce, "Barci hwa? Yana samun barci?" Na ce Baban ya ce yana ƙoƙari. Ta karɓi rigar da na zo da ita ta juya ta ta latsa, ta ce in rataye mata a ƙusar ɗakinta.

Sun fita ran Asabar da ta wuce. Can ba rezo, Auta ya ce sai sun kusa gaɓa zai kira, kamar sati uku.